Kujerar alƙali a akwatin zaɓe: cancanta da ra'ayin ɗan takara a gundumar Harris

A jihohi 39 daga cikin 50 na ƙasar Amurka, jama'a suna kaɗa ƙuri'a a kan aƙalla wani rukuni na alƙalansu, ko dai su zaɓe su tun daga farko, ko kuma a tambaye su bayan wasu shekaru ko suna son alƙalin da aka naɗa ya ci gaba da zama a kujerarsa. Tsarin ya tsufa, domin jihar Mississippi ta fara zaɓen dukkan alƙalanta tun 1832, New York ta bi sahu a 1846, daga nan ya bazu. Jihar Texas tana cikin 'yan jihohin da suka fi nisa a wannan hanya, domin a can ɗan takarar alƙalanci yakan tsaya ne a ƙarƙashin tutar jam'iyya, ya shiga zaɓen fid da gwani, ya tara kuɗin kamfe, kamar dai mai neman kujerar majalisa. Wannan ya sa mai zaɓe yake fuskantar tambayoyi biyu a kan kowane suna da ya gani a takardar ƙuri'a: shin wannan mutum ya cancanci ya zauna ya yanke wa mutane hukunci, kuma mene ne ra'ayinsa game da yadda kotu take tafiyar da aikinta?

Babu inda waɗannan tambayoyi suka fito fili kamar gundumar Harris ta jihar Texas, wadda birnin Houston yake cikinta, kuma ita ce ta uku a yawan jama'a a duk Amurka, da mutane fiye da miliyan 4.7. A zaɓen watan Nuwamba na 2018 an yi takarar kujerun alƙalai 59 a gundumar, kuma 'yan jam'iyyar Democrat suka cinye su gaba ɗaya. Daga cikin kujerun akwai 15 na kotunan ƙananan laifuka, waɗanda adadinsu 16 ne, kuma su ne suke sauraren shari'o'in da hukuncinsu bai wuce ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 4,000 ba: tuƙi cikin maye, ƙaramar sata, shiga wurin da aka hana, tuƙi da lasisin da aka dakatar. Waɗannan su ne kotunan da talaka ya fi haɗuwa da su, kuma a wancan lokaci mutane kusan 50,000 ake kamawa a gundumar kowace shekara a kan irin waɗannan laifuka.

Abin da doka ta nema daga mai son ɗaya daga cikin waɗannan kujeru kaɗan ne ƙwarai. A lokacin wancan zaɓe, ya isa mutum ya kai shekara 25, ya zauna a gundumar shekara 2, kuma ya riƙe lasisin aikin lauya a jihar yana aiki da shi shekara 4. Dokar ba ta tambaya ko ya taɓa tsayawa a gaban masu taya alƙali yanke hukunci ba, ba ta kuma tambaya ko ya taɓa karanta takardar tuhuma ba, don haka lauyan da ya shafe shekarunsa yana rubuta yarjejeniyar sayar da gidaje ya cika sharaɗi daidai da wanda ya kwana ya tashi a kotun laifuka. A ƙasa da wannan mataki ma lamarin ya fi sauƙi, domin alƙalan ƙananan kotunan unguwanni a Texas ba a neman su zama lauyoyi ko kaɗan. Jihar ta ɗan gyara wannan daga baya: a 2021 masu zaɓe suka amince da kwaskwarimar tsarin mulki da ta ɗaga shekarun da ake nema daga alƙalan manyan kotunan gunduma daga 4 zuwa 8, sannan a 2023 majalisar jihar ta wajabta wa 'yan takara su bayyana irin aikin lauyan da suka yi da kuma duk wani horo da aka taɓa yi musu a bainar jama'a. A ganina gyara na biyu ya fi na farko amfani nesa ba kusa ba, domin ƙirga shekaru ba ya nuna a ina aka shafe su.

Sai dai a 2018 ba batun shekaru ne ya mamaye takarar kotunan ƙananan laifuka ba. Batun beli ne, kuma sai an san asalinsa kafin a gane abin da 'yan takarar suke nufi da gyaran kotu.

A watan Mayu na 2016 aka kama wata mata mai suna Maranda ODonnell, mai shekara 22 da ƙaramar 'ya, bisa zargin tuƙi da lasisin da ba shi da inganci. Aka sa mata belin dala 2,500, ba ta da su, sai aka tsare ta. Da sunanta ne wasu ƙungiyoyin lauyoyi masu kare haƙƙin jama'a suka shigar da ƙara a kotun tarayya a kan gundumar. Yadda tsarin yake aiki a lokacin shi ne, alƙalan nan 16 sun rubuta wani jadawali da ya ɗora wa kowane laifi adadin kuɗinsa, sannan wasu jami'an sauraren farko su riƙa bin jadawalin suna yanke beli ta allon bidiyo, sau da yawa cikin ƙasa da minti ɗaya, ba tare da lauya a gefen wanda ake tuhuma ba. Mai kuɗi ya biya ya koma gida. Mai ɗan abin hannu ya je wurin kamfanonin da sana'arsu ita ce tsaya wa mutane, ya ba su kimanin kashi 10 cikin 100 na kuɗin, kuma ba za a mayar masa ba ko da an wanke shi. Wanda ba shi da ko wannan ya zauna a tsare.

Illar tsarin ba ta tsaya ga kwanakin da mutum ya yi a kulle ba. Idan laifin ƙarami ne, mai gabatar da ƙara yakan ce wa wanda yake tsare ya amsa laifinsa a ɗauki kwanakin da ya riga ya yi a matsayin hukuncinsa, ya fita yau. Idan kuwa ya dage cewa bai aikata ba, sai ya jira ranar shari'a a kurkuku, aikinsa ya tafi, haya ta taru, yara su rasa mai kula da su. Wani bincike da Paul Heaton da Sandra Mayson da Megan Stevenson suka buga a 2017, bayan sun duba dubban ɗaruruwan shari'o'in gundumar, ya gano cewa waɗanda aka tsare sun fi takwarorinsu da aka sake yiwuwar amsa laifi da kashi 25 cikin 100, sun kuma fi su yiwuwar a yanke musu ɗauri da kashi 43 cikin 100. A watan Afrilu na 2017 Mai Shari'a Lee Rosenthal ta kotun tarayya, wadda Shugaba George H. W. Bush na jam'iyyar Republican ne ya naɗa ta, ta fitar da hukunci mai shafi 193 inda ta ce wannan tsari ya saɓa wa tsarin mulki, domin yana tsare mutane ne saboda talaucinsu. Ta gano cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake kamawa a kan ƙananan laifuka suna zama a tsare har a gama shari'arsu.

Alƙalai 14 daga cikin 16 suka ɗaukaka ƙara, gundumar kuma ta kashe miliyoyin daloli na kuɗin jama'a wajen biyan lauyoyin da suke kare tsarin. Biyu ne suka ware: Darrell Jordan na Democrat, da Mike Fields na Republican. Saboda haka lokacin da zaɓen 2018 ya zo, tambayar da ke gaban kowane ɗan takara a bayyane take, kuma tana da amsa ta e ko a'a: idan ka hau kujerar, za ka ci gaba da ɗaukaka ƙarar ko za ka janye, za ka bar jadawalin ko za ka sake rubuta shi?

Wannan tambaya tana da wata siffa da ya kamata a lura da ita, domin a kanta ne duk muhawarar ra'ayin ɗan takara ta rataya. Shekaru da yawa dokokin ɗa'ar alƙalai a jihohi da dama sun hana ɗan takara bayyana ra'ayinsa a kan batutuwan shari'a da siyasa da ake jayayya a kansu, don kada ya ɗaure kansa tun kafin ya ji shaida. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta soke irin wannan hani a wata shari'a da ta taso daga jihar Minnesota, tana mai cewa jihar da ta zaɓi ta yi zaɓe ba za ta rufe bakin 'yan takara ba. Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta goyi bayan hukuncin, amma ta ƙara da cewa idan jihar tana fama da matsalar adalcin alƙalanta, ita ta jawo wa kanta ta hanyar ci gaba da zaɓensu. Abin da ya rage a haramce, a Texas da sauran wurare, shi ne ɗan takara ya yi alkawarin yadda zai yanke hukunci a shari'ar da take gabansa ko take tafe. Tsakanin bayyana ra'ayi da yin alkawari kuwa tazarar siririya ce, kuma 'yan takara sun ƙware wajen tafiya a kanta.

Batun jadawalin beli ya fita daga wannan ruɗani, domin alƙalan ne da kansu suke rubuta ƙa'idojin gudanar da kotunansu. Wanda ya ce zai sauya jadawalin bai yi wa wani mai ƙara alkawarin nasara ba, yana magana ne a kan wani ɓangare na aikin da doka ta damƙa wa alƙalai su tsara, kamar sa ranakun zama, da hanyar ba talaka lauya, da tsawon lokacin da za a bar mutum a tsare kafin ya ga alƙali. A kan irin waɗannan abubuwa ina ganin mai zaɓe yana da cikakken haƙƙin ya ji ra'ayin ɗan takara, kuma ɗan takarar da ya ɓuya a bayan dokar ɗa'a ya ƙi amsawa yana zaluntar mai zaɓen ne. Alƙalin ƙaramar kotu ya fi shafe lokacinsa yana tafiyar da jerin shari'o'i masu yawa fiye da warware manyan tambayoyin doka, kuma a cikin wannan tafiyarwa ne ake cutar mutane ko a kyauta musu.

A cikin waɗanda suka ci zaɓen, wanda ya fi jan hankali shi ne Franklin Bynum, da ya hau kujerar kotu ta 8. Bai kai shekara 40 ba a lokacin, kuma duk aikinsa na lauya ya yi shi ne a ɓangaren kare waɗanda ake tuhuma, har da wani lokaci a ofishin lauyoyin gwamnati masu tsaya wa waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Ta fuskar sanin aiki, yana da abin da shekarun da doka ta ƙayyade ba sa iya aunawa: ya san ɗakunan tsare mutane, ya san yadda ake matsa wa talaka ya amsa laifi, ya san ma'aikatan kotun da al'adunsu. A kotunan da aka saba ganin tsofaffin masu gabatar da ƙara suna cika kujerun alƙalanci, zuwan mutum daga ɗaya ɓangaren yana da nasa amfanin. Ta fuskar ra'ayi kuma bai ɓoye komai ba, domin ya fito fili ya ce shi ɗan gurguzu ne mai bin tafarkin dimokuraɗiyya, yana cikin ƙungiyarsu ta ƙasa, kuma yana adawa da tsare mutane saboda rashin kuɗin beli da ma yawan dogaro da kurkuku gaba ɗaya.

Sababbin alƙalan sun cika alkawarin da suka yi a kan gudanarwa cikin sauri. A watan Janairu na 2019, kwanaki kaɗan da rantsar da su, suka janye ɗaukaka ƙarar, suka kuma rubuta sabuwar ƙa'ida da aka sani da ƙa'ida ta 9, wadda a ƙarƙashinta ake sakin mafi yawan waɗanda aka kama a kan ƙananan laifuka, kimanin kashi 85 cikin 100 bisa ƙiyasin lokacin, ba tare da sun ajiye kuɗi ba, da sharaɗin su dawo ranar shari'a. An ware wasu laifuka, kamar dukan iyali, da maimaita tuƙi cikin maye, da karya sharaɗin belin da aka bayar a baya, waɗanda masu su sai sun ga alƙali cikin awa 48 da lauya a gefensu. A watan Nuwamba na 2019 Mai Shari'a Rosenthal ta amince da yarjejeniyar sulhu tsakanin masu ƙarar da gundumar, wadda ta mayar da wannan ƙa'ida umarnin kotun tarayya, aka kuma naɗa Farfesa Brandon Garrett na Jami'ar Duke ya jagoranci masu sa ido. Rahotannin da suka riƙa fitarwa sun nuna cewa yawan waɗanda ake sake kamawa bayan an sake su bai ƙaru ba, yayin da yawan masu amsa laifi ya ragu, shari'o'in da ake kora kuma suka ƙaru.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce zaɓen alƙalai ya yi aikin da aka ƙirƙire shi dominsa: jama'a sun ga zalunci, sun saurari 'yan takara, sun sauya kotu. Amma alƙaluman zaɓen ba su goyi bayan wannan fassara ba. Kimanin kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe a gundumar a 2018 sun yi zaɓen sak ne, wato sun danna alamar jam'iyya ɗaya tilo ta ɗauke musu dukkan kujeru tun daga sama har ƙasa. Abin da ya fito da mutane shi ne takarar majalisar dattawa tsakanin Beto O'Rourke na Democrat da Ted Cruz na Republican, da kuma fushin da ake yi da Shugaba Donald Trump. Guguwar ta tafi da alƙalan da suka kare jadawalin, ta kuma tafi da Mike Fields wanda ya ƙi kare shi, ba ta bambanta ba. Ta tafi da alƙalan kotunan iyali da na gado da na ƙararrakin dukiya waɗanda ba su da wata alaƙa da beli, wasunsu kuma lauyoyin ɓangarorin biyu sun shaide su da iya aiki. Ƙungiyar lauyoyin Houston tana tattara ra'ayin mambobinta a kan 'yan takara, jaridar Houston Chronicle tana ganawa da su ta bayyana waɗanda ta fi gamsuwa da su, amma mutumin da zai yanke shawara a kan kujeru 59 a rana ɗaya da wuya ya iya bin diddigin ko da rubu'insu.

Babban Jojin jihar na lokacin, Nathan Hecht, ɗan Republican ne wanda shi da kansa ya sha kiran a gyara tsarin beli, amma a jawabinsa ga majalisa a 2019 ya yi kakkausar suka ga zaɓen alƙalai ta hanyar jam'iyya, yana mai nuni da ɗimbin gogewar da aka yi asara a dare ɗaya. Magabatansa biyu, Tom Phillips da Wallace Jefferson, sun riga shi faɗin haka. Masu mayar da martani sun ce damuwar ta ƙaru ne kawai da guguwar ta juya ta fara cin 'yan Republican, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin irin wannan shara ce ta ba Republican kotunan gundumar a shekarun 1990. Majalisar ta kafa kwamiti, kwamitin ya ba da shawara da ƙaramin rinjaye a 2020 cewa a daina zaɓen jam'iyya, amma bai iya daidaitawa a kan abin da zai maye gurbinsa ba. An dai soke zaɓen sak daga 2020, sunan jam'iyya kuwa yana nan kusa da sunan kowane ɗan takara.

Shi Bynum, zamansa a kujerar ya nuna ɗaya fuskar ra'ayi, wadda ta fi wuyar sha'ani. Dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da ofishin babbar mai gabatar da ƙara ta gundumar a lokacin, Kim Ogg, wadda ita ma 'yar Democrat ce da ta fara da goyon bayan gyaran beli kafin ta juya ta soki yarjejeniyar sulhun. Ofishinta ya kai ƙararsa gaban hukumar ladabtar da alƙalai ta jihar, yana zarginsa da nuna son kai ga waɗanda ake tuhuma da ƙin bin doka a wasu hukunce-hukuncensa, hukumar kuma ta buɗe masa tuhuma a hukumance. Shi da magoya bayansa sun ce ramuwar gayya ce ta siyasa a kan alƙalin da ya daina sa hannu a duk abin da masu gabatar da ƙara suka kawo. A watan Maris na 2022 ya faɗi zaɓen fid da gwani a hannun Erika Ramirez, wadda ta fito daga ofishin masu gabatar da ƙara. Ko da mutum ya yarda da kowane ra'ayin Bynum a kan beli, akwai tambayar da ba za a kauce mata ba: matar da mijinta ya doke ta, ta shigo kotun tana sane da cewa alƙalin ya bayyana wa duniya ƙyamarsa ga kurkuku, shin za ta fita tana jin an saurare ta? Irin wannan tambaya ce kuma ta dace a yi wa ɗan takarar da ya cika allunan talla da alkawarin ba sani ba sabo ga masu laifi, domin wanda ake tuhuma a gabansa bai riga ya zama mai laifi ba. Ra'ayi a kan ƙa'idar gudanarwa abu ne da ake rubutawa, a karanta, a ƙalubalanta. Ra'ayin da ya zama karkata ga ɓangare ɗaya kuwa yana bin alƙali cikin kowace shari'a, kuma babu takardar neman takara da take da gurbin rubuta shi.

Akwai kuma matsin da zaɓen kansa yake yi wa alƙali bayan ya hau. Masu bincike Gregory Huber da Sanford Gordon sun duba hukunce-hukuncen alƙalan jihar Pennsylvania suka ga cewa ɗaurin da suke yankewa yana ƙara tsawo yayin da zaɓensu yake matsowa, wani binciken a jihar Washington ma ya ga haka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: babu wanda yake buga hoton mutumin da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a tallan kamfe, amma wanda aka sake ya je ya yi kisa, sunan alƙalin da ya sake shi zai kwana a talabijin. Haka aka yi a Houston bayan kashe-kashe sun ƙaru a 2020 da 2021, kamar yadda suka ƙaru a sauran biranen Amurka. Mafi yawan shari'o'in da suka tayar da hankalin jama'a na manyan laifuka ne, waɗanda wasu kotuna dabam suke saurare kuma yarjejeniyar sulhun ba ta shafe su ba, amma a bakin masu kamfe duk an haɗa su a kalma ɗaya, gyaran beli, an ɗora wa duk wani alƙali ɗan Democrat. A 2021 majalisar jihar ta yi dokar da ta taƙaita sakin waɗanda ake zargi da laifukan tashin hankali ba tare da kuɗi ba, a zaɓukan 2022 da 2024 kuma Republican ta ƙwato wasu kujeru a gundumar.

Kuɗin kamfe ma wani sashe ne na cancanta da ba a cika ambata ba, domin masu ba ɗan takarar alƙalanci gudummawa galibi lauyoyin da za su tsaya a gabansa ne. Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa batun sau biyu: a 2009 ta ce dole alƙalin jihar West Virginia ya janye daga shari'ar wani kamfanin kwal da shugabansa ya kashe kusan dala miliyan 3 wajen taimaka masa ya ci zaɓe, a 2015 kuma ta tabbatar da horon da aka yi wa Lanell Williams-Yulee, 'yar takarar wata ƙaramar kotu a Florida, saboda ta sa hannu da kanta a wasiƙar neman gudummawa. A gundumar Harris matsalar ta ɗauki wata siffa mai muni, domin alƙalai ne suke zaɓen lauyoyin da za a biya da kuɗin gwamnati su kare talakawa. Wani bincike da aka buga a mujallar shari'a ta Jami'ar Duke a 2021 ya gano cewa lauyoyin da suka ba alƙali gudummawa suna samun shari'o'i fiye da ninki biyu na waɗanda ba su bayar ba, kuma waɗanda suke karewa ba su fi samun sauƙi ba. Daga baya gundumar ta kafa ofishi na dabam da yake raba waɗannan shari'o'i a kotunan ƙananan laifuka. Ɗan takarar da ya yarda a cire wannan iko daga hannunsa ya faɗi wani abu game da kansa wanda ya fi shekarun lasisinsa nauyi.

Mai karatu a Najeriya zai gane ciwon ko da maganin ya bambanta. A nan ba a zaɓen alƙalai: tsarin mulki ya nemi alƙalin babbar kotun jiha ya yi aƙalla shekara 10 da zama lauya, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta ba da shawara, gwamna ya naɗa. Amma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da suke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, da yawansu kuma an ba su beli da sharaɗin da talaka ba zai iya cikawa ba, kamar kawo babban ma'aikacin gwamnati mai takardar fili ya tsaya masa, duk da cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana tsananta sharuɗɗa. A 2025 Majalisar Shari'ar ta fara wallafa sunayen waɗanda ake shirin naɗawa a manyan kotuna domin jama'a su kawo ƙorafi, wanda mataki ne mai kyau, sai dai ya fi karkata ga binciken hali da gaskiyar takardu. Har yanzu babu wani zaure da ake tambayar mai neman kujerar, a gaban jama'a, yadda yake kallon ɗage zama, ko sharaɗin beli, ko mutumin da ya shekara a tsare ba a kira shari'arsa ba.

A Texas kuwa ƙasar da gyaran ya tsaya a kanta ta motsa. A watan Maris na 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yankin, a zaman dukkan alƙalanta a kan wata ƙara makamanciyar wannan daga gundumar Dallas, ta yanke cewa bai kamata kotunan tarayya su shiga irin wannan rikici na belin jihohi ba tun farko, ta kuma janye daga matsayin da ta ɗauka a shari'ar ODonnell. Ma'anar wannan ita ce, wata gunduma a Texas ko Louisiana ko Mississippi da take da jadawali irin na Harris na dā, da wuya a samu alƙalin tarayya da zai tilasta mata ta sauya shi. A irin waɗannan gundumomi, ikon rubuta ƙa'idar ya koma kacokan ga majalisar jiha da alƙalan gunduma, waɗanda wa'adinsu shekara 4 ne, kuma kowanne daga cikinsu sai ya sake bi ta zaɓen fid da gwani, inda ƙalilan daga masu rajista ne suke fitowa, kafin ya kai ga takardar ƙuri'ar watan Nuwamba.